Malam Hamisu Rewaya da Agogunan da Ya Sa Mini a Mota

Ina tsaye a ƙofar wani sito a Getso da hantsin ranar Laraba, ana loda mini buhunan wake, sai wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Malam Hamisu na ɗauka da sauri, tun kafin ya yi magana na ce, "Malam, a gafarce ni, wallahi jibi ina tafe." Muryar da ta amsa ba tasa ba ce. Auwalu ne, babban ɗansa. Ya ce, "Baba Isyaku, Allah ya yi wa Baba rasuwa ɗazu. Bayan azahar za a yi jana'iza." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, sannan na tarar da kaina zaune a ƙasa na jingina da tayar mota, masu lodi sun kewaye ni suna tambayar ko lafiya.

Ni direba ne, ban saba rubutu ba. Amma 'yan uwana direbobi sun ce tunda ni na fi kowa zama da shi, ni ya kamata in faɗi wani abu a kansa, don waɗanda suka san shi su tuna, waɗanda ba su san shi ba su sa shi cikin addu'a.

Malam Hamisu mai gyaran wayoyin mota ne, shi ya sa duk Gwarzo ake kiransa Rewaya. Rumfarsa da ke tashar mota ba ta da girma: benci ɗaya, akwatin ƙarfe na kayan aiki, da buzun salla a rataye. Ya girme ni da kusan shekara goma. Na san shi ne ta dalilin motar ƙungiyar manoman yankinmu, wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin mai ja da ƙafa huɗu. Ita ke kai taki ƙauyukan Kutama da damina, ita ke fito da amfanin gona da kaka, kuma idan ciwo ya tsananta a inda ƙaramar mota ba ta shiga, ita ake kira. Lokacin da aka danƙa mini ita, duk agogunanta sun mutu. Allurar agogon zafi tana tsaye a tsakiya ko inji na sanyi ko yana tafasa.

Ranar da na fara kai masa ita, fitilar gaba ce ta kai ni. Ya gyara fitilar, ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallon wannan allura, sannan ya ce, "Malam Isyaku, da wannan kake shiga daji da mutane?" Na ce ai kunnena ya ishe ni, na san kukan injina. Ya yi murmushi ya ce, "Inji ba ya mutuwa sai ya yi magana. Amma kafin maganar ta iso kunne, ta daɗe da wuce ido." Ya ce in gaya wa shugabannin ƙungiya a sayo agoguna uku na ƙari, na zafi, na ƙarfin baƙin mai, da na cajin batir, shi zai ɗaura su a kan dashbod, a gaban direba.

Shi da kansa ya shiga Kano ya zaɓo su. Na ɗauka aikin rabin yini ne, sai da muka kwana uku a kai, kuma a cikin kwana ukun nan na san wane ne Malam Hamisu. Kafin ya taɓa mota, ya aika gida aka kawo masa butar shayi da risho, ya tafasa ruwa, ya haɗa agogon zafi da batir, ya tsoma kan ƙarfen da ake ɗaurawa a jikin inji cikin ruwan yana kallon allura. Agogon da ya fara sayowa ya tsaya can ƙasa da ɗari alhali ruwa na ɓararraka. Ya cire shi ya mayar cikin kwali, washegari ya sake hawa mota zuwa Kano ya canzo wani. Na ce, "Haba Malam, a kan ɗan wannan bambanci?" Ya ce, "Agogon da ke ƙarya ya fi rashin agogo sharri, don shi za ka amince masa."

Ya yanko ƙarfe ya lanƙwasa ya yi musu mazauni, ya shimfiɗa roba a ƙarƙashi don kada gargadar hanya ta riƙa girgiza allura. Kafin ya huda dashbod, ya sa ni na zauna a kujerata na riƙe sitiyari, ya ce in dubi hanya, yana matsa mazaunin kaɗan-kaɗan yana tambaya, "Nan fa? Kana ganinsu ba tare da ka sunkuya ba?" Inda wayoyi za su ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da direba, ya yanko tsohon tiyub ya naɗe bakin ramin don kada ƙarfe ya ci waya. Kowane haɗi sai ya narka masa dalma, ba ya murɗawa ya naɗe da salatif kawai kamar yadda wasu ke yi, kuma ya sa musu fis nasu daban. A rana ta uku haƙurina ya ƙare, taki na jira a sito, manoma na ta kira. Na ɗaga masa murya a gaban mutane, na ce wa zai leƙa bayan dashbod ya ga wannan ƙawa? Bai ɗago ba. Yana kwance a ƙarƙashin sitiyari ya ce, "Allah yana gani, kuma wuta ma tana gani." Da ya gama, ya fito da kwalbar jan farce ta 'yarsa Maryam daga aljihu, ya ja ɗan layi a kan gilashin agogon zafi, ya ce saboda ranar da wanda bai iya karanta lamba ba zai karɓe ni tuƙi. "Idan allura ta taɓa jan nan, ka tsaya. Ko wa ka ɗauko, ka tsaya."

Wannan magana ta ƙarshe sai da ta zo mini a aikace a daminar da ta biyo baya. An kira ni wata ruga a bayan Kutama, maciji ya sari wani magidanci, Malam Jibo, yana cikin noma. Muka kwantar da shi a bayan mota, ƙafa ta kumbura, dasashinsa ya fara fitar da jini, yayansa Malam Gide ya zauna kusa da ni a gaba. Hanya duk taɓo, ina ta fama da ƙaramar giya, muna haurowa daga wani rafi sai na ga allura tana hawa. Ta kai jan layi, ta fara wuce shi. Inji kuwa lafiya lau yake kuka, babu hayaƙi, babu wari. Na taka birki na kashe mota.

Malam Gide ya kama hannuna ya ce, "Direba, don girman Allah kada ka tsaya, ɗan uwana mutuwa zai yi." Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta wannan lokaci ba. Na buɗe gaban mota, na tarar reshe ya soki tiyon lagireto ta ƙasa, ruwa na tsiyaya. Na kira Malam Hamisu. Bai tambaye ni komai ba sai, "Ka kashe ta?" Na ce na kashe. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kada ka buɗe murfin yanzu, zai ƙone ka. Akwai ragowar tiyub a ƙarƙashin kujerarka, na ajiye maka. Ka naɗe wurin da ƙarfi, ka ɗaure da waya. Idan ta huce, ka tayar da ita tukuna, sannan ka zuba ruwa a hankali." Ban ma san ya ajiye mini komai a can ba. Malam Gide ya riƙa ɗebo ruwan rafi da ƙwarya yana hawaye. Sau biyu muka ƙara tsayawa a hanya, kowane karo allura ce ta ce mu tsaya, muka isa asibiti a Gwarzo kafin la'asar. Malam Jibo yana nan da ransa, yana ɗingishi kaɗan, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Malam Hamisu. Makanikin da ya duba motar daga baya ya ce da na ƙara ko tafiyar minti kaɗan ce, da inji ya ƙone ya tsaya a tsakiyar daji.

Da na je yi masa godiya na haɗa da ba shi haƙuri kan ɗaga muryar da na yi masa, sai ya ce shi bai tuna ba, ya miƙo mini goro.

Haka yake da kowa. Na taɓa ganin wani dillalin motoci ya zo masa da mota, yana so a mayar da agogon kilomita baya kafin a kai ta kasuwa. Malam Hamisu ya tashi ya ba shi wurin zama, suka gaisa har da tambayar iyali da mutanen gida, sannan ya ce, "Alhaji, agogo shaida ne, ni kuwa ba na koya wa shaida ƙarya." Mutumin ya tafi da fushi, shi kuma ya koma kan aikinsa, bai sake ta da zancen ba. Idan aka kira salla yana tsakiyar aiki, sai ya cire kan batir tukuna, don kada wani ya zo ya murɗa makulli a bayansa. Idan direba ya kawo motar da wani ya ɓata wa waya, ba ya tambayar wane ne ya yi aikin.

A bana ne na lura ya rame. Agogon baƙin mai na motata ya fara wasa, na kai masa a farkon damina. Ya sa sifana zai kwance ƙarfen da ke jikin inji, hannunsa ya kasa. Ya gwada sau biyu, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗan taya ni, Isyaku." Ni kuwa da wauta na ce, "Malam, tsufa ya zo ke nan." Ya yi dariya ya ce ya zo. Ban san cewa ciwon ƙoda ne, kuma likita ya riga ya gaya masa abin da ya gaya masa ba. Bai faɗa wa kowa a tasha ba.

Da kaka ta kama, sau biyu ya kira ni. Duk biyun magana ɗaya ya yi: "Idan ka sami sarari ka kawo motar nan in duba ta." Na ce masa agoguna lafiya suke, aiki ya yi yawa, ya bari in kwashe waken Getso tukuna. Ya ce, "To, babu komai, Allah ya taimaka."

Bayan mun dawo daga maƙabarta, maiɗakinsa Hajiya Rabi ta aiko a shigo da ni. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, ta amsa daga bayan labule. Sannan ta ce, "Malam Isyaku, zan faɗa maka wani abu, ba don in ɗora maka nauyi ba, sai don akwai abin da ya rage. Kiran da yake yi maka ba don gyara ba ne. Yayarsa yake so ya gani, Yaya Ladi, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana can ƙauyensu bayan Masanawa, ruwan bana ya cinye hanyar, shi ba ya iya zama a kan babur, ita ma ba ta iyawa. Ya ce motarka ce kaɗai za ta shiga. Na ce ya gaya maka gaskiya mana, ya ce kana cikin aikin mutane, ba zai tsayar da kai saboda kansa ba."

Na yi mata sallama na fito. Mutumin da bai taɓa barina in shiga daji da waya ɗaya a kwance ba, ya nemi tafiyar rabin yini a wurina, kunya ta hana shi faɗa, ni kuma ban tsaya na tambaye shi ba.

Washegari da sassafe na ɗauki Auwalu muka tafi ɗauko Yaya Ladi zuwa gidan makoki. Hanyar ta lalace kamar yadda aka faɗa, kwazazzabo biyu muka ratsa, amma motar ta shiga ba tare da wata wahala ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Muka tarar da tsohuwa zaune a kan tabarma, an riga an aika mata da labarin rasuwar da na zuwanmu, ta yi shiri tun asuba, idanunta ba sa gani sosai. Muka ɗaga ta muka sa a gaba. Mun yi nisa sai ta ce, "Kai ne Isyaku direba?" Na ce ni ne, Inna. Ta ce, "Ya aiko mini tun kwanaki cewa za ka kawo shi. Kullum na ji ƙarar mota sai in sa a share tsakar gida." Na tsayar da mota a gefen wata gonar dawa na kifa kaina a kan sitiyari. Ita ce ta dafa kafaɗata tana ba ni haƙuri, tana cewa kwana ne ya ƙare, ba laifin kowa ba ne. Na san gaskiya ta faɗa, amma har yau zuciyata ba ta karɓa ba.

Ya Allah, ga bawanka Hamisu ya zo gare ka, ba shi da kowa sai kai. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa aikin da ya yi a ɓoye saboda kai ya tarar da shi a mizani. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, ka haɗa shi da iyayensa cikin rahamarka. Ka ba Hajiya Rabi haƙuri da juriya, ka shirya Auwalu da Maryam da ƙannensu, ka rufa musu asiri, ka zama gatansu. Ka sanyaya zuciyar Yaya Ladi, wadda ta raine shi, ga shi kuma ya riga ta tafiya. Ni kuma ka yafe mini jinkirin da na yi masa. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.