Agogon Makka a ɗakin haihuwa

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Anka. Na ce "muka" don mota cike take, amma tun da abokin aikina ya koma Kano, daga ni sai jakar wayoyi. Na kusa da ni ya jingina da kafaɗata ya sha barcinsa har muka ratsa ƙasar Bukkuyum, ko sunansa ban ji ba. A Daki Takwas na sayi ƙosai. Ya yi tsada, ya kuma ƙanƙance, na ci abina a tsaye.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne ya kira ni Gummi. Kwamfuta biyar gare su, kowane ma'aikaci yana dangwala yatsa a ta sashensa idan ya iso, kuma kowace da lokacinta. Mai asibitin, wani Alhaji, ya ce in daidaita musu agogo, don yana so ya sallami wata tsohuwar ungozoma da hujja. Wata guda ke nan na'ura tana nuna ta makara.

Na mai da kwamfutar ofis uwa, ita ke karɓo lokaci daga intanet, sauran su bi ta. Uku suka bi. Ta ɗakin haihuwa, can bayan gida, ta kafe tana gaba da awa biyu cif.

Tsohuwar tana zaune ita kaɗai tana ninke zannuwa. Na gaishe ta, na tambaye ta lokacin zuwanta.

"Ɗana, ana fitowa masallaci nika tahowa. Wa ka ganina? Babu mai zuwa da wuri balle ya shaide ni."

Wallahi maganar ta taɓa ni, don na san zaman da babu mai shaidarka.

Ashe kwamfutar tsarabar Alhaji ce daga aikin Hajji. Da ta zo, wani ya ja agogon baya da hannu, bai sauya mata ƙasa ba. Ranar da aka jona ta da intanet ta koma lokacin Makka abinta. Na sauya ƙasar, na haɗa ta da uwar, ta bi.

Na nuna wa Alhaji. Ya ce, "Ikon Allah," ya yage takardar sallamar da ya riga ya rubuta. Na koma in gaya wa tsohuwar, na tarar an shigo da mai naƙuda, ƙofa a rufe. Na ɗan tsaya, na tuna hanyar nan ba a bin ta da yamma, na tafi.

Kafin la'asar na iso Anka, na buɗe ɗakina, babu wanda zan ba labari. Abin da na koyo shi ne, kafin a tuhumi mutum a fara tuhumar agogo. Ita ba ta san an rubuta takardar ba, ba ta san an yage ba. Gobe za ta dangwala yatsa, na'ura ta rubuta shida da rabi, Alhaji ya gani.