Surukin Ja'afar a Sararin Sama

Duk wanda Malam Ja'afar ya aika a Yako, ko gishiri ne, sai ya maimaita saƙon kafin ya tafi. Mu maƙwabtansa mun ɗauka iyayi ne na wanda ya yi shekara talatin a hasumiyar filin jirgi yana ba matuƙa hanya ta rediyo. Ashe abin yana da tushe.

Matarsa Kaltume 'yar Doguwa ce, mahaifinta kuma Kyaftin Abdulganiyu, matuƙin jirgi. Ja'afar kuwa kunyar suruki ta yi masa katutu. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, bai taɓa haɗa ido da tsohon ba.

Wata ranar damina jirage biyu na kamfani ɗaya suka doso filin, 614 da 641, ɗaya a saman ɗaya, cikin hadari. Ja'afar ya umarci 614, na ƙasan, ya ƙara yin ƙasa. Ƙa'idar aikin ita ce matuƙi ya maimaita umarnin da cikakkiyar lambarsa. Sai wata murya ta amsa a gajarce, ba lamba. Muryar surukinsa ce.

Nan kan Ja'afar ya ɗaure. Wane jirgi tsohon ke ja? Da safe kamar ya ji an ce 641. Ko 614 ne? Ko an yi musu canji? In na ƙasan ne, lafiya lau. In na saman ne, yanzu haka yana gangarowa kan ɗan'uwansa, kuma ba mai ganin wani. Da wani ne da tuni ya ce a maimaita. To amma da wane baki zai tuhumi mutumin da yake durƙusa wa? Ya danna maɓallin magana, ya saki. Ya sake dannawa, ya saki. Tsoro ya kama shi.

Da ya ga 641 ya fara yin ƙasa a allo, bai san sanda ya daka tsawa ba, ya ce wa 641 ya tsaya inda yake, ba da shi ake ba. Jirgin ya koma matsayinsa. Allah ya kiyaye.

Ranar Asabar ya shiga ƙaramar bas zuwa Doguwa, ya durƙusa a zaure.

"Baba, na zo neman gafara. Na ɗaga maka murya."

Tsohon ya ce, "Kuskuren nawa ne, na amsa kiran da ba nawa ba. Amma kafin tsawar, sakan nawa ka yi shiru?"

"Kamar goma, Baba."

"Mutum casa'in na ɗauko ranar, ban da na ɗaya jirgin. Shirun nan za ka nemi gafara a kansa."

Ja'afar ya ce min har ya dawo Yako bai gane ko an yafe masa ba. Tsohon ya rasu bara, shi kuwa har yau bai daina ƙirga goman nan ba.