Irin da Baba Ya Watsa a Kan Kwalta

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar wata Asabar komai ya fara lalacewa. Na san lokacin ne don na rubuta shi, a waɗancan shekarun ba abin da ba na rubutawa. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen ulu, filin wata makaranta a Birmingham nake gani.

Baba tela ne a unguwar Levenshulme ta Manchester, amma abin da ya riƙe gidanmu shi ne kwaikwayon rayuwar ƙauyen Turawan dā. Makarantu ke gayyatarsa. Ya sa rigar manomi, ya watsa iri a kan kwalta, yara su tafa, mu share mu mayar buhu, mu koma Manchester. Ni ce mai duba littattafan tarihi don kada mu yi kuskure. Shekarata goma sha biyu, gaida baƙo ma sai muryata ta yi rawa, amma na taɓa sa Baba ya farke riga shida saboda maɓallansu ba na zamanin ba ne. A nan kaɗai ake jin maganata.

Ranar mun tafi da Kaka, mahaifiyarsa, ba ta daɗe da zuwa daga gida ba. Ta tsaya tana kallon Baturiyar da Baba ya ɗauka aikin kaɗin ulu. Sai ta ja tsaki, ta tsallake igiyar da aka gitta wa 'yan kallo, ta karɓe mazarin.

"Kaka, ba a shiga! Zanenki ma ba na ƙarnin ba ne!"

"Rufe min baki, malama. Wannan zaren ko kaza ba zai ɗaure ba."

Ta murza mazarin, zare ya fito sumul, yara suka bar Baba suka kewaye ta. Ta ɗago ta dube shi. "Kai kuma, ɗan manomi jikan manomi, kwalta kake ciyarwa?"

Baba ya share irin ya mayar buhu, muka koma gida. Kafin sanyi ya shigo ya sayar da rigunan, har da shidan nan, ya kama hayar gona a wani ƙauye, muka koma can. Laka, ruwan sama, tumakin maƙwabta. Laburare a mota yake zuwa, sau ɗaya a mako biyu. Littattafai uku da na cika da rubutu suka koma kwali, ba wanda ya sake tambayata komai. Haushi ya hana ni yi wa Baba magana wata biyar.

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon tarihi, albasa kuwa daga gonar kakansu take zuwa mana. Amma a lokacin ban ga hikimar ba. Da sanyi ya wuce na sami Baba tsugune a bakin kunya, wandonsa duk taɓo, yana kallon wasu 'yan korayen tsirrai.

"Baba, me ya sa? Ai mun iya. Ba kuskure ko ɗaya a wasanmu."

Bai ɗago ba.

"Uwata, shekara bakwai ina shuka. Yau na fara ganin abu ya fito."