Mazubin Baba a Bakin Murhu

Mahaifina maharbi ne da aka san shi tun daga Ruwan Godiya har Mairuwa, a zamanin da Bature yake gab da naɗe tabarmarsa. Ido guda gare shi, domin agana ta tafi da na hagu tun yana yaro, amma da gudan nan ya ciyar da gida. Harsashin bindigarsa da hannunsa yake zubawa: ya narka dalma a kasko, ya tsiyaya a wani mazubin ƙarfe da ya gada. Da rani yake wannan aiki, lokacin da rana kaɗai ta isa ta gasa ƙarfen, don haka bai saba kai shi kusa da wuta ba. Ga shi kuma mutum ne mara jira.

Wata damina birai suka addabi masararmu. Ranar kasuwar Mairuwa na bar shi yana cewa yau zai zuba, ko sama ta yarda ko ta ƙi. A kasuwa na gamu da amininsa, wani Bamaguje da ya ari mazubin. Muna cikin gaisuwa ya shaida mani cewa jiya ya maido shi cikin ruwan nan mai ƙarfi, ya ajiye a zaure.

Ƙarfe yakan bushe ta waje alhali ɗigon ruwa na kwance a cikinsa, narkakkiyar dalma kuwa in ta tarar da ruwa, fuskar mai zuba take nema. Baba kuma sai ya sunkuya ƙwarai yake ganin bakin ramin. Na bar wa Bamagujen jakina da kayana, na yanki daji.

Tun daga bayan danga na jiyo muryarsa yana faɗa, ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Na iske shi zaune, dalma ta narke, yana rantsuwa cewa an sace masa mazubi. Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe kamar ba da ita ake ba. Sai da ta ga dama ta miƙe, ta sa itace ta jawo mazubin daga tokar murhu mai zafi, ta tura gabansa.

Ya tambaye ta wa ya aike ta. Ta ce ta gan shi a jiƙe da ta je shara.

“Malam, ido guda ya rage mana a gidan nan, kuma ba naka ba ne kai kaɗai.”

Ya yi gunaguni cewa yanzu mata za su koya masa harbi. Amma ya zuba, dalma ta kwanta lafiya, ko tartsatsi babu. Da ya ɗago ya gan ni ina haki, sai ya tambayi inda jaki yake.

Tun daga ranar, rani da damina, da kansa yake miƙa mata mazubin, yana cewa ta ajiye masa, kada ɓarayi su sake ɗauka.