Da Wane Hannu Sojan Ya Ci?

Shekarar da motar majigi ta zo Isa, ina gida hutu daga makaranta a Sakkwato. Yaƙin Turawa ya yi tsanani, ana neman sojoji, gero kuma ya kusa yanka. A gidanmu mai ƙarfin aikin gona mutum ɗaya ne, yayana. Baba ya tsufa, ni kuwa an fid da rai da ni tun ranar da na sari ƙafata da fartanya.

Bayan magariba aka ɗaura farin ƙyalle tsakanin itace biyu a bakin kasuwa. Maza suka zauna gaba, wajen inji. Mata, da yake ba su cuɗanya da maza, suka kewaya bayan ƙyallen, inda hoton yake fitowa sarai shi ma. Baba bai je ba. Ya ce shi ba ya kallon inuwar mutumin da ba ya nan.

Tafinta ya yi shela cewa wannan ɗanɗano ne kawai, babban majigin yana tafe wata mai zuwa. Ɗanɗanon gajere ne, ko alwala mai kyau ta fi shi tsawo. Ni dai ina da ɗan littafi a aljihu, kuma ina da cutar rubuta abin da ba wanda ya tambaye ni.

Na rubuta cewa sojanmu daga ƙasa aka ɗauko shi, shi ya sa kansa yake taɓa gajimare. Abokan gaba kuwa daga sama aka ɗauko su, suna watsewa kamar tururuwar da aka zuba wa ruwan zafi. Jirgin sama guda ne, mai tabo a fiffike, amma sau uku ya wuce, tafinta yana ihu, "Ga wani! Ga wani kuma!" An yi ta harbi, ba wanda ya faɗi a namu, ko hular mutum ɗaya ba ta karkace ba. Daga ƙarshe aka cika ƙyallen da takalmi mai ƙyalli, sannan da kwanon shinkafa, tsokar naman da ke kai ta kai girman rumbunmu. Wani soja baƙi kamar mu ya kai loma, ya dube mu ya yi murmushi. Na ji dukan filin ya haɗiye yawu lokaci guda.

Jama'a suka ce a maido. Aka maido. Turereniya ta yi mini yawa, sai na sulale bayan ƙyallen na tsuguna kusa da Inna, na sake kallo daga can.

A hanyar gida yayana ya ce, "Za ni soja. Gobe saje zai kafa tebur ƙofar hakimi."

Na buɗe littafina na karanta masa zancen jirgi mai tabo, da yadda aka tsawaita soja.

"Malam ƙarami," in ji shi, "shinkafar ita ma tabo gare ta?"

Da safe, bayan an sha fura, ya gaya wa Baba. Baba bai hana ba, sai jan carbi yake yi, don Di'o, Baturen mulki, ya aiko cewa duk uban da ya hana ɗansa, a kai sunansa. Inna ce ta aje ludayi.

"Wurin mutanen da ka cin abinci da hagu za ka? Da idona na gani, ƙato guda ya kai loma da hannun tsarki, yana dariya ko kunya babu!"

"Inna, da dama ya ci," in ji yayana.

"Da hagu. Har gaisuwar da sunka yi ma Bature da hagu sunka yi ta. Tambayi matan unguwa duka."

Yayana ya ce a tambayi mazan unguwa duka. Baba ya ɗaga hannu.

"Ku bari. Ga wanga da ba shi magana, shi komi sai ya rubuta. Kai, mi ka gani?"

Na sani sarai. Wanda ya zauna bayan ƙyalle, komai a juye yake ganinsa, kamar rubutun da aka duba ta bayan takarda. Bayanin yana bakina, kuma a rayuwata ban taɓa barin kuskure ya wuce ban gyara ba, ko na malami ne. Na dubi yayana, na dubi laujen da ke rataye a danga. Na tuna a majigin ba wanda ya faɗi, alhali a Tsamaye, nan kusa da mu, an riga an yi zaman makoki biyu na waɗanda suka tafi soja.

"Baba," na ce, ina kallon tabarma, "da ina kusa da Inna, da hagu na ga ya ci."

"Ka rubuta?"

"Na rubuta."

Baba ya mayar da carbi aljihu. Ya ce harsashi na Allah ne, tsoronsa ba dalili ba ne da mutum zai kai gaban Di'o. Amma ɗan da ya yi wa tarbiyya shekara ashirin ba zai je a koya masa cin tuwo da hagu ba, kuma a shirye yake ya faɗi haka ko a gaban alƙali. Ba shi kaɗai ba ne. Saje ya wuni a teburinsa yana korar ƙuda, yana mamakin abin da matan Isa suka yi wa mazansu cikin dare ɗaya.

Babban majigin bai taɓa zuwa ba. Yayana kuwa bai yi mini magana ba har muka gama yankan gero. Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe, muna cin ɗumame a gindin gawo, ya miƙo mini ƙwarya da hannun hagu.

"Rubuta wannan ma," ya ce.