Na Kira Sunansa Bai Waiwayo Ba

Ina yarinya ɗanya, da goyon fari a bayana, ruwan dam ɗin Tiga ya ci ƙauyenmu. Aka tashe mu, dangi suka watse. Surukata, wadda tun ranar suna yaron ke hannunta, ta bi babban ɗanta wajen garin Ƙofa. Ni da maigidana muka tare kusa da ruwa, shi yana yini wajen su a cikin ruwa, ni ina bandar kifi.

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa. A tsohon gida wannan bai cuci kowa ba, domin kaka da gwaggwanni suna nan, su ne masu yi masa tawai, su ce ungo, kawo, kul. A sabon wuri babu kowa, amma na riƙe kunyata gam, har ina ganin kaina 'yar mutunci. In ba shi nono, in yi masa wanka, bakina a rufe. Da ya fara tafiya, gidan ko danga babu, sai na riƙa ɗaure masa ƙafa da tsumma a jikin turmi. Ya fi mini sauƙi a kan in yini ina hana shi wuta da ruwa, ga gajiya, ga hayaƙi.

Ran nan da hantsi ɗaurin ya kwance. Ina ɗago kai na hango shi ya miƙi hanyar ruwa. Na ce ya tsaya, bai san tsaya ba. Na ce kul, bai san kul ba. Na yar da kunyar na ƙwala masa kira da sunansa na yanka, ko waiwaye bai yi ba, don bai san nasa ba ne. Wata tsohuwa mai tallan nono ce ta tsamo shi, ruwa ya kai masa wuya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce ko maraƙinsu ya san muryar mai kiransa.

Daga ranar na soma yi masa magana, amma sai da ƙanwarsa ta riga shi buɗe baki. Yau magidanci ne, ana yabonsa da kawaici, ni ko na san inda shirun ya samo asali, kuma abin bai daina ci mini rai ba. 'Yan'uwana mata, in babu kaka kusa, ku ajiye kunya ku yi wa 'ya'yanku magana. Tsumma yana kwancewa, ranar kuwa muryarki kaɗai ta rage miki.