Jirgin Ƙasan da Bai Iso Wurno Ba

Abin da zan faɗa a nan ya dogara ne a kan abubuwa uku: hotunan saƙonni goma sha ɗaya da suka rage a wayata, wani littafin rubutu mai shuɗin bango da na gani sau ɗaya tak, da kuma abin da nake iya tunawa. Na ukun shi ne mafi rauni. Na tabbata lamarin ya faru a shekarar da na dawo Wurno daga hidimar ƙasa, bayan an cire albasa. Ranakun kuwa sun tafi tare da zauren wayar da muke karatu a ciki, wanda aka goge. Inda na kawo maganar baki, ma'anarta na riƙe, ba lallai kalmominta ba.

Wani abokina malamin firamare a Goronyo ne ya saka ni a wannan zauren karatun labari, irin na waya. Yawancin masu karatun mata ne daga Wurno, Rabah da Goronyo. Marubuciyar ba ta bayyana sunanta ba, laƙabi take amfani da shi, kuma tana sakin shafi ɗaya kullum bayan la'asar. Dokar zauren ita ce: idan ba a yi sharhi ba, ba za a ga shafi na gaba ba. Saboda haka kowa yana ganin ra'ayinsa shi ne ke tura labarin.

Labarin ya ɗauka cewa layin dogo bai tsaya a Ƙaura Namoda ba, ya zarce har Rabah da Wurno. A cikinsa akwai saurayi mai sayar da tikiti a tasha, da budurwa 'yar wani manomin albasa. Sai dai tsohon manomin ya fi masoyan yawan fitowa. Kullum yana cikin rumfar ajiya, yana juya albasa, yana ware wadda ta fara laushi. Wannan ya dami masu karatu. Ina da saƙon wata daga Marnona: "Tsohon ga ya ishe mu! Shahi ukku shina shinshinar albasa, su ko masoya ko gaisawa ba su yi ba. Ko shi za a aura?" Aka yi ta dariya.

Ni ba tsohon ne ya dame ni ba. Na karanta tarihi a jami'a, kuma wata ɗaliba ta tambaya a zauren ko a wace unguwa tsohuwar tashar jirgin take. Na san labarin ƙirƙira ne. Ba zan yi wa kaina uzurin rashin fahimta ba. Amma na zauna na rubuta sharhi mai lamba ɗaya zuwa bakwai. Na nuna cewa jirgin ƙasa bai taɓa zuwa nan ba, cewa ba ta yi wa masu karatu gargaɗi ba, cewa lokacin tafiyar da ta ƙiyasta bai dace da nisan ba. Na rufe da jimlar da har yau take cikin hotunan: "Ya kamata mai rubutun ta koma makaranta kafin ta sake taɓa tarihin garinmu."

Waɗanda jiya suke roƙon ci gaba suka juya. "Mai digiri ya ce ƙarya ce." "Da ma mun hwaɗi, ta bar albasa ta kawo soyayya." Babu wanda ya tanka hujjojina bakwai, jimlar ƙarshe kawai aka yi ta kwafa. Washegari ta saki shafi ɗaya: tsohon ya loda buhunansa a tarago, jirgi ya yi kuwwa. Daga nan ba ta sake sakin wani shafi ba. Bayan wasu makonni aka rufe zauren.

Bayan Sallah na je Rabah gaishe da yayata, wadda ke aure a can, tana ɗinki. Ita ce ta bar karatu a sakandare lokacin da Baba ya rasu, kuma ita ta ɗinka duk kayan da na tafi jami'a da su. Ta tashi ɗebo mini ruwa, na ɗaga wani yadi daga kan keken ɗinki don in samu wurin ajiye hula. Littafin nan mai shuɗin bango yana ƙarƙashinsa. Na buɗe, na ga tsohon da rumfarsa, da rubutun hannunta. Ta dawo da ruwan ta same ni riƙe da shi.

"Yaya, ke ta?"

"Aje min littahina."

"Don mi ba ki hwaɗa min ba?"

"In hwaɗa ma mi, Malam mai digiri? Ba kai kac ce in koma makaranta ba? Ga keke, zauna ka yi ɗunkin, ni in tahi."

Da tsohon layin wayar mijinta take sakin labarin, shi ya sa ban gane lambar ba. Tawa kuwa ta gane ta tun ranar da na shiga.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce akwai shekarar da motar ɗaukar kaya ta ƙi zuwa, albasar Baba ta ruɓe a rumfa. Ina makarantar kwana a lokacin. Ita ta taya shi kwashewa da kwando, hannunta yana wari har kwanaki, shi kuma yana ta maimaita cewa da jirgi na zuwa garin nan, da ba haka ba. Bai ga wata kakar albasa ba. "So nis so, ko a takarda, kayanai su isa kasuwa," in ji ta.

Na tambayi Inna daga baya. Ta tabbatar da ruɓewar albasar. Maganar jirgin kuwa ta ce ba ta tuna ba. Ina rubuta wannan ne don gaskiya, ko da yake na tsani halin da ya sa na je tantancewa.

Hujjojina bakwai suna nan daidai, na sake duba su. Masu karatun sun koma wasu zaurukan, inda masoya ke gaisawa tun shafin farko. Na ba ta haƙuri sau biyu, ta ce ba komai, ta tambayi lafiyar Inna. A ziyarata ta ƙarshe babu littafin a kan keke. Lokacin da na buɗe shi ban kai ƙarshe ba, don haka ban san inda rubutun ya tsaya ba. Shin ta daina rubutawa ne gaba ɗaya, ko mu ne kawai ta daina nuna wa?